Shekarar da Gari Ya Turke Ƙanena

Tara mahaifiyarmu ta haifa, biyu ta raya: ni da ƙanena. Ni kurkunu ya cinye mini ƙafar hagu tun ina yaro ya bar ni da ɗingishi, don haka in ana lissafin maza majiya ƙarfi a gidanmu, mutum ɗaya ake ƙirgawa. Ban da shi muna da jakai uku da nake fatauci da su, da rumbu ɗaya, da gona a tudu wadda ba ta taɓa kai mu damina ba sai na cika da awo. Abin da muka mallaka ke nan a shekarar da ɗiba ta zo garinmu karo na biyu. A cikinsu duka, ƙanen ne kaɗai ba a samun madadinsa a kasuwa.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne. Suna son kuza, kuzar kuma tana ƙasar Jos cikin duwatsu da sanyi, sai aka ce kowace ƙasa ta ba da maza su je haƙa. Ba a tambayar mutum ko yana so. Umarni ya sauko daga birni zuwa uban ƙasa, daga uban ƙasa zuwa hakimai, wato masu gari, hakimi kuma ya dubi gidaje ya nuna. Wannan shi ne ɗiba. Mun ga yadda waɗanda aka ɗiba a karon farko suka ƙare. Wani bai dawo ba, bargonsa aka kawo wa matarsa. Wani ya dawo da tari, ya yi ta fama da shi har aka kai shi makwancinsa. Mu mutanen bakin gulbi ne, tsakanin Wurno da Rabah, zafi muka sani da sauro. Sanyin dutse ba abokinmu ba ne.

Gero yana fitar da kai lokacin da hakiminmu ya aiko a kira ni. Ba mugun mutum ba ne, tsoho ne mai tsoron na sama da shi. Ya ce mini an sake neman mutane bayan kaka, kuma gidanmu na da maza biyu alhali akwai gidajen da suka riga suka ba da nasu. Na ce to a rubuta ni. Ya dubi ƙafata. Ni ma na san ba za a karɓe ni ba.

Sai ya rage murya ya gaya mini akwai ƙofa ɗaya. Kowace kaka uban ƙasa yana tara ’yan kokawa a ƙofar gidansa. Shekara biyu a jere wani mutumin wajen Goronyo yana zuwa ya kayar da duk wanda aka fito da shi, ya kwashe kari, wato kyautar da ake ba wanda ya yi kaye, ya koma garinsu. Abin ya ci wa uban ƙasa rai, har ya faɗa a gaban jama’a cewa duk ɗan ƙasarsa da ya kayar da mutumin nan zai ɗauke shi bara a gidansa. Baran uban ƙasa kuwa ɗiba ba ta hawa kansa. Hakimi ya ce zai riƙe maganar gidanmu har a yi kokawar. In ƙanena ya yi kaye, shi ke nan. In ya faɗi, shi ba shi da sauran abin cewa.

Na fito da ɗan ƙwarin gwiwa, don na san abin da nake da shi. Ƙanena a lokacin bai yi aure ba, kuma tun da ya fara shiga fage ba a taɓa sa bayansa ƙasa ba a ƙauyukanmu. Ba ƙato ba ne. Dogo ne, cikinsa a shafe, kafaɗunsa kamar an sassaƙa. Fadama ta yi shi: kaftun shinkafa, ɗaukar buhu, jan guga. Cimarsa irin ta kowa ce, fura da hantsi, tuwo da dare, wake, kifi in an samu. Yakan yi yini yana sara ya zo da la’asar ya kama kokawa da samari yana dariya.

Kuskuren hakimi ɗaya ne: ya faɗa wa gari da wuri.

Muna da al’ada. In gari ya tsayar da ɗan kokawa don babban karo, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ba ya taɓa fartanya, ba ya ɗaukar kaya, ba ya shiga rana, wai kada ƙarfinsa ya tsiyaye a banza. Gidaje kuma su riƙa aiko masa da akushi bi da bi. Akushin nan ba ya komawa da saura. In ka mayar da abinci, ko dai ka raina gidan ko kana zarginsu da sammu. Ba a kuma taya shi ci, don in wani ya sa hannu an raba ƙarfin ke nan. A sauran shekaru abin ’yan kwanaki ne kafin karawa, mutum ya huta ya ci daɗi ya shiga fage, ba ya cutar da kowa. Amma bana tun gero bai nuna ba aka shimfiɗa tabarma, kokawar kuwa sai an gama ɗaurin damma an kai rumbu. Kusan wata uku ke nan.

Kuma ba don ƙanena kaɗai mutane suka zage ba. Kowa ya lissafa cewa in ɗan garinmu yana gidan uban ƙasa, muna da kunne a can, gobe in an zo ɗiba ko haraji akwai mai sa baki. Damina ba ta yi kyau ba, ana cikin ƙarshen tsohon hatsi, gidaje da yawa tafasa da rama suke cika ciki da su. Amma akushi bai fasa zuwa ba. Tuwon shinkafa yana ninƙaya cikin man shanu. Fura mai kauri da zuma. Mahauci ya riƙa aiko da kitse da ɓargo. Kafin ya gama na wannan gida, yarinyar wancan gida tana tsaye a bakin zaure da nata a ka.

Ni sana’ata bisashe ce. Ina sayen raguna a rugage da kasuwar Gandi, in turke su a gida, in kai Wurno ko birni gab da Layya. Na san turka kamar yadda na san yunwar cikina. Ka ɗaure rago a inuwa, ka hana shi yawo, ka cika masa gaba da dussa da harawa da ɗan kanwa, cikin wata uku zai yi kyan da mai saye ba zai iya ɗauke ido ba. Amma ka kwance shi ka ce ya taka zuwa kasuwa, kafin ku fita gari ya fara haki, ya durƙusa. Sau da yawa a kan jaki nake kai irinsu. Jakin da ke ɗauke da shi kuwa dawa tafi guda yake ci da kara, ƙashin haƙarƙarinsa a waje, ya yini yana tafiya. Da na ga an ajiye ƙanena a inuwa ana cika masa gaba, ban bukaci a gaya mini abin da ake yi ba. Turka ce. Ragon yanka ake haɗawa, mu kuma abin da muke bukata mai numfashi ne.

Na fara da mahaifiyarmu. Tana kallonsa yana cika, wuyansa na haɗewa da kafaɗa, fatarsa na sheƙi, ta ce tun da ta haife shi ba ta taɓa ganinsa da kyau haka ba. Na ce Inna, kyau daban, ƙarfi daban. Ta ce ita ta binne bakwai, dukkansu a rame suka tafi, ba ta taɓa binne mai ƙiba ba, kada in ƙara kawo mata maganar rage wa ɗanta abinci.

Na tafi wurin sarkin samari, wanda shi ke tsara zuwan akusa. Na same shi a gindin tsamiya da jama’arsa, na yi masa bayanin rago da jaki. Suka bushe da dariya.

“To ga gurgu za shi koya muna kokawa,” in ji shi. “Kai da ko akuya ta ture ka sai an tashe ka. Halan so kaka yi a kai ma akushin, kai ma ka yi wuya?”

Na ce masa ni ban taɓa kokawa ba, gaskiya ne, amma na taɓa bayan dabba fiye da yawan gashin gemunsa, kuma na san tsoka na san kitse.

“Ƙanen naka dabba na?”

“Numfashi dai guda na, na mutum da na bisa.”

Ya ce haka kakanni suka yi, kuma haka aka yi wa ubansa har ya yi kaye a Rabah. Na tambaye shi wata nawa aka ajiye uban nasa. Ya juya ya ci gaba da hirarsa.

Sai na koma kan mai abin. Wata la’asar na tarar da shi a zaure ya tasa akushi gaba, gumi na zuba, yana tura loma kamar mai aikin gayya. Na ce ya bar sauran, ni zan san yadda zan yi da shi ba wanda ya gani. Ya ɗago ya dube ni.

“Yaya, ka san ko na wa na? Na tsohuwar bakin marina. Kazarta guda, ita ta yanka. Jikokinta na can suna lasar tukunya. In zubar, ko in maida mata?”

Ƙanena mutum ne da bai iya cewa a’a ba. Abin da ya sa kowa ke sonsa ke nan. Na tambaye shi yadda yake jin jikinsa. Ya ce nauyi. Ya ce barci yake ji kullum, kuma in ya sunkuya alwala sai ya ji jini ya taru masa a ka. Tsoro yake ji shi ma, amma ya fi tsoron idon mutane.

Da na ga magana ba za ta yi ba, sai na yi dabara irin ta kasuwa. Na je na gaya wa hakimi akwai wani malami a Gandi da ke ba ’yan kokawa rubutu, kuma sai mai sha ya je da kansa ya zauna kusa da shi. Malamin yana nan da gaske, kuma mun je mun karɓi rubutun, ban yi ƙarya ba. Hakimi ya yarda, da sharaɗin a kan jaki zai je. Aka raka mu har bayan gari. Da muka sha kwana, gero ya rufe mu, na ce ya sauka ya taka.

Ranar nan na ga iyakar ɓarnar da aka yi. Mutumin da ke ɗaukar buhun shinkafa daga fadama har gida ba hutu, bai yi nisa ba ya fara haki, cinyoyinsa na gugar juna. Ni gurgu ina gaba ina jiransa. Ya zauna a gindin wata ƙirya ya dafe ƙirji. Na juya baya ina gyara igiyar jaki da ba ta kwance ba, don kada ya ga fuskata.

Akwai wani Bafulatani a bayan Gandi da na daɗe ina sayen raguna a hannunsa, har mun zama kamar ’yan’uwa. Rugarsa na kai ƙanena. Na gaya masa komai. Ya zagaya yaron yana dubawa, ya tsunkuli cikinsa, ya ce da Hausarsa mai karkata, wannan ai an gama shi, saura wuƙa. Ya ce in bar masa shi.

Ba wani sirri ya yi ba. Da safe ƙanena ya bi shanu da ƙafa. Da rana ya ja guga ya shayar da garke a rijiya mai zurfi. Da la’asar samarin ruga su kama shi da kokawa ɗaya bayan ɗaya, ba don su kayar da shi ba, don su gajiyar da shi. Abincinsa fura ce mai ruwa-ruwa da nono, dafaffen wake da na kawo, ƙuli-ƙuli, ɗan busasshen kifi, da zogale da matar gidan ke kwaɗawa. Ya ci ya ƙoshi, amma ba ya ci sai ya ji yunwa, kuma ba a ba shi mai. Ruwa kuwa ya sha iya sonsa. Kwanakin farko kwance yake faɗuwa kamar matacce. Ni ina kai da kawo tsakanin kasuwanni, duk zuwan da na yi sai in sa hannu in taɓa bayansa da damtsensa. Na fara jin abu mai tauri yana dawowa a ƙarƙashin taushin. Wata rana na same shi yana tsere da wani saurayi zuwa rijiya, ya sha kashi, amma ya iso yana dariya, ba ya haki. Na yi lissafi a raina: in aka bar mini shi har ranar karawa, muna da rabo.

Ba a bar mini shi ba. Mako biyu da ’yan kai muka samu. A gari magana ta tashi. Wasu suka ce na kai shi an yi masa asiri, wasu suka ce na karɓi abin hannun mutanen Goronyo don in lalata shi. Wani da ya je cin kasuwar Gandi ya gan shi yana jan guga, ya koma ya ce ɗan kokawar gari ya zama bawan Fulani, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci. Hakimi ya aiko da ɗan sako: in ƙanena bai koma kan tabarma ba kafin Juma’a, ya janye alkawarinsa, sunan gidanmu ya wuce.

Na je na durƙusa gabansa. Na ce ranka shi daɗe, ka ba ni shi ko da rabin yini ne kullum, ya yi noma ya yi gumi, sauran rabin ya zauna muku. Na ce a rage akusa su koma ɗaya a yini, a ba yaran gidajen sauran, ai ladan ya fi. Ya ce shi ya fahimce ni, har ma yana jin akwai gaskiya a maganata. Amma mutane sun ba da abin bakinsu, sun yanka kajinsu, in aka canza yanzu kuma yaron ya faɗi, wa za a ɗora wa? In an bi al’ada ya faɗi, Allah ne ya kawo. In an bi maganar dillali ya faɗi, hakimi ne ya kayar da shi. A nan na gane ba ƙanena yake karewa ba, kansa yake karewa, kuma ban iya ganin laifinsa sosai ba.

Na dawo da shi. Mata suka fito suna salati, wai an tsotse musu yaro. Don a mayar da abin da ya zube, sai aka ninka. Sabon hatsi ya shigo, hannun mutane ya buɗe, akusa suka riƙa haɗuwa uku a bakin zaure. Sarkin samari ya sa samari biyu su riƙa zama da shi, wai hira, amma ni suke tsaro. Abin da na iya yi kaɗan ne. Da asuba in mun fito masallaci sai in ja shi mu zagaya ta bayan gari mu dawo da sauri kafin a farga. Na roƙi mahauci ya riƙa aiko da tsoka maimakon kitse, ya ce kitse ne mai tsada, ba zai aika wa gwanin gari da abin talaka ba. Ina kallo abin da muka gina a ruga ya narke, ya koma ƙarƙashin taushi. Na daina zuwa kasuwa. Ragunan da na turke na bar wa matata, ko kallonsu ba na son yi.

Ranar karawa akwai akushi na ƙarshe, na hakimi, wanda ake ci a gaban jama’a kafin a kama hanya. Na san da shi, kuma na kwana biyu ina roƙo a bar shi da farau-farau da ɗan nono, ya ci tuwon in an dawo. Aka ce ba a taɓa yi ba. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar da mai ya kwanta a kanta, da bindin rago, wato jelarsa mai kitse. Makaɗa na kiɗa, ana yi masa kirari. Ya dube ni ta saman kawunan mutane. Na girgiza kai. Ya dubi hakimi, ya dubi mahaifiyarmu da ke leƙe ta bakin zaure, ya yi bisimilla. Ya cinye tas, aka ɗaga akushin sama aka kife, mata suka yi guɗa.

Da la’asar aka shiga fage. Da mutanenmu suka ga mutumin Goronyo sai suka fara murna. Siriri ne, baƙi, ƙafafunsa kamar na zalɓe, an ce masunci ne mai tuƙa jirgi da gora. Kusa da ƙanena kamar a hure shi ya faɗi. Wani a bayana ya ce yau za a karya kara. Ni da na dubi cinyarsa da yadda cikinsa ke shiga yana fita a hankali, sai na san wannan ba karan da za a karya ba ne.

Da farko kamar za a yi. Ƙanena ya san ba shi da dogon zango, na gaya masa, shi ma ya sani. Ya afka da wuri, ya sami riƙo a ƙugu, ya ɗaga mutumin har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Fage ya ɗauki ihu. Amma mutumin ya naɗe ƙafarsa a ta ƙanena ya maƙale kamar kaska, ya ƙi juyuwa, har hannun ƙanena ya gaji ya sauke shi a tsaye. Daga nan bai ƙara yarda an kama shi ba. Ya riƙa zagayawa, ya taɓa ya janye, ya ja wuya ya saki, yana sa ƙanena binsa. Ba ƙarfi yake gwadawa ba, jira yake yi. Na ga bakin ƙanena ya buɗe. Na ga ya dafa cikinsa sau ɗaya. Na ji hakin nan da na sani, wanda nake ji a hanyar kasuwa. Mutumin ma ya ji. Ya shigo ƙasa-ƙasa, ya ɗauki ƙafa ɗaya, ya tura da kafaɗa. Ba wani kaye mai ban mamaki ba ne. Ƙanena ya zauna kawai, kamar wanda ya gaji da tsayuwa. Kafin a tashe shi ya juya gefe ya amayar da tuwon hakimi a gaban uban ƙasa.

Muka koma gida. Washegari ba akushin da ya zo. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya ce mini ashe gaskiyarka. Abin da aka yanke a gindin tsamiya shi ne zamansa a ruga ya tsiyayar da ƙarfin.

Ban tsaya jayayya ba, don sauran lokaci kaɗan ne. Na ji ana karɓar madadi in ka kawo wanda ya yarda ya tafi a maimakon naka. Na bi ƙauyuka har na sami wani a wajen Rara, magidanci da gonarsa ta ƙone, yara na kuka. Ya ce zai je in na ba iyalinsa jakai biyu su riƙa dako da su. Na kai jakan da hannuna kafin a tafi, don ya ce ba zai taka ba sai ya gan su a ɗaure a gidansa. Hakimi ya yarda, ya ce amma a zo da su biyun wurin dubawa, in an karɓi wancan a saki namu.

Aka jera su a rana a ƙofar gidan uban ƙasa, riguna a tuɓe. Mai dubawa, wani Bature, ya bi layi yana buɗe ido da baki, yana ƙwanƙwasa ƙirji. Da ya zo kan mutumin Rara ya ga ƙashi da fata, ya sa shi ya yi tari, ya kaɗa hannu aka fitar da shi. Mutane da yawa aka fitar ranar saboda rama, shekarar ta ci kowa. Da ya zo kan ƙanena ko bakinsa bai buɗe ba. Ya matsa damtsensa, ya bubbuga bayansa, ya gyaɗa kai, ya faɗi wani abu da tafinta ya ce wai ina ma duk haka suke. Na san wannan gyaɗa kan. Ni ma haka nake yi in na ga abin da ba zan bari ya wuce ni ba.

Na matsa na ce a ɗauke ni tare da shi, ko dafa abinci in riƙa yi. Dogari ya tura ni baya da sanda.

Jaki na uku na sayar a daren tafiya ga wani maƙwabci, a farashin da ya ga dama. Na saya masa bargo mai kauri da tsohuwar rigar soja, na cika masa jaka da ƙuli-ƙuli, da garin gero da aka soya, da kilishi, da barkono. Na ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada ya nuna, kada kuma ya rabar a kwana uku kamar yadda na san halinsa. Ya ce to, Yaya. Na san zai rabar. Mahaifiyarmu ba ta fito ba. Jakan da ke Rara ban koma karɓa ba. Mutumin ya cika nasa alkawari, ya zo ya tsaya a layi, kuma na ga yaransa.

Ya dawo da bazara, da ƙafarsa, a cikin waɗanda suka dawo. Sai da ya yi magana na gane shi. Ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kuma bai daina ba har ƙarshen ransa. Bai sake shiga fage ba, bai sake kai kunyar gona ɗaya ƙarshe da fartanya ba tare da ya tsaya ba. Na ja shi cikin sana’ata, yana zama a kara, wato kasuwar bisashe, yana riƙe igiya, ni ina ciniki. Mutane na sonsa, har sukan saya don shi.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Jakai uku sun tafi, sai da na yi shekaru ina kora bisashen wasu kafin na sake ɗaure nawa. Gari ya cinye kajinsa da man shanunsa ta bakin mutum ɗaya, bai sami kunne a gidan uban ƙasa ba, kuma da bazarar nan an binne yara a gidajen da suka fi kowa aiko da akushi. Ƙanena ya rasa ƙirjinsa. Abin da ya shigo: ya dawo da rai, ya yi aure, ya bar ’ya’ya uku, kuma shi ya sa mahaifiyarmu a kabari, ba ita ta ji labarinsa daga bakin wani ba. Na yi shekara da shekaru ina auna wannan da wancan. Uwar kuɗi ba ta dawo ba, amma ba a tashi hannu wofi ba.